Na je Ikko neman murjani

Shekara 11 ke nan ina koyar da bayoloji a wata sakandare a Yawuri. Duk shekara idan muka zo darasin halittun teku sai in ɗauki alli in zana wa yara dutsen murjani a allo, in yi masa rassa kamar ƙahon barewa, in jera kifaye a kewaye, alhali ban taɓa ganin teku ba. Ruwan da na sani shi ne Kwara, wanda kakannina suka yi su a cikinsa tun kafin a datse shi a Kainji a 1968. Murjanin da na sani kuwa shi ne jan abin wuyan kakata, wanda take ƙullewa a tsumma, ba ya fitowa sai ranar biki. Don haka da hutun watan Afrilu ya zo, Kawu ya aiko cewa akwai tirelar albasa da za ta taso daga Aliero, in ina so a bar mini wuri a gaba, ban tsaya shawara da kowa ba.

Hanyar ba ta da wani labari sai gajiya. Kwantagora, Makwa, gadar Jabba inda na leƙa na gaisa da kogin garinmu, Ilori, Badun. Kwana biyu muka yi, warin albasa ya kama rigata har na daina jinsa. Mun shiga kasuwar Mile 12 ta Legas ana kiran assalatu.

Kawu ya fi shekara 30 a wannan kasuwa, kuma wurinsa bai fi ɗakin kwana ɗaya girma ba. Amma abin da ke rayuwa a wannan ɗan fili ya ba ni mamaki tun safiyar farko. Akwai mai shayi da teburinsa a gefen hagu. Akwai wani yaro mai yankan farce da yake zuwa da hantsi ya zauna a kan buhu, yana kaɗa almakashinsa. Akwai wata Bayarabiya mai sayar da leda, wadda take kiran Kawu Baba, shi kuma ya ce mata Iya. Duk waɗannan Kawu bai taɓa ɗaga musu murya ba. Sai ga wani baƙon dillali ya sa 'yan dako sun jingina masa buhu uku na albasa a bakin layin, bai ma shigo ciki ba. Kawu, dattijon da tasbaha ba ta barin hannunsa, ya miƙe kamar an taka wutsiyar damisa. Kafin in ajiye kofin shayi an kwashe buhunan.

“Kawu, ai wurin bai tare maka komai ba,” in ji ni.

“Malam, sha shayinka,” ya ce.

Washegari na matsa sai an kai ni teku. Wanda aka haɗa ni da shi ɗan Kawu ne, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ya taka ta ba. Muka tsallaka doguwar gadar nan ta Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, gidajen Makoko suna tsaye a kan sanduna a ƙarƙashinmu, sannan muka shiga jirgin ruwa mai inji zuwa Tarkwa Bay. Na ga teku. Ba zan yi ƙarya ba, ƙafata ta yi sanyi, don ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya saba hango tsallake. Amma ruwan kore ne mai duhu, igiyarsa tana tashi da yashi, ga ledar fiya wata tana yawo a ciki. Na bi ta kan manyan duwatsun da Turawa suka jera a bakin mashigar jiragen ruwa tun farkon ƙarni na 20, ina leƙa tsakaninsu. Kaguwa, gansakuka, wasu 'yan ƙananan kifaye masu launin ƙasa. Shi ke nan.

“Ina ƙahon barewar, Ticha?” taubashina ya tambaya, yana dariya har da riƙe ciki.

Abin haushin shi ne na san amsar, ni da kaina nake koyar da ita, kawai ban taɓa haɗa ta da Legas ba. Murjani ba dutse ba ne tun asali, tarin 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne masu gina wa kansu gida da farar ƙasa, kuma a cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke haɗa musu yawancin abinci da hasken rana. Saboda haka suna bukatar ruwa garau, mai ɗumi, mai cikakken gishiri. Gaɓar Afirka ta Yamma kuwa manyan koguna ne ke juye mata ruwan daɗi da laka dare da rana, Bolta da Ogun da Kwara da Kwango, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wajen Gana da Kodebuwa daga Yuli zuwa Satumba. Wato jan ruwan da ke wucewa ta bayan gidanmu da damina yana cikin abin da ya hana wannan gaɓa samun tsaunin murjani. Wanda yake son ganinsa a nahiyarmu sai ya nufi gabas, Mombasa ko Zanzibar ko Bahar Maliya. Alhazanmu da suke sauka a Jidda suna wucewa ta samansa ba su sani ba.

Da ya gaji da tsokana sai ya ce in kwantar da hankalina, gobe zai kai ni inda murjani yake a Legas. Na ɗauka wani wasan ne.

Ashe aikinsa ke nan. Shekara 6 yana yi wa wani kamfani aikin kula da tankunan kifin ado a gidajen masu hali da otal-otal, daga Ikoyi zuwa Lekki. Gidan da muka je sai da aka karɓi katin shaidata a ƙofa, mai gadin kuma ɗan Dogon Dutsi ne, muka gaisa da Hausa. A falo, bango guda gilashi ne. Tsawonsa ya kai taku huɗu, shuɗin haske yana sauka daga sama, ga duwatsu masu ramuka, ga murjani mai rai, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani kamar yatsu, wani kuwa, wallahi, kamar ƙahon barewa. Na tsaya kamar ɗan ƙauye a gaban talabijin.

Shi ko kallo bai yi ba, ya buɗe ƙofar ƙasa ya shiga aikinsa. Ruwan ba daga teku ake ɗebo shi ba, duk da tekun yana bayan katanga, don na bakin gaɓa ya gurɓace. Ruwan famfo ake tacewa, a zuba masa gishiri na musamman da ake shigowa da shi, giram 35 a kowace lita, daidai da na teku. Ga injin sanyaya ruwa da ke riƙe shi a maki 25 ko 26. Kifayen kuma ta jirgin sama suke zuwa a cikin leda mai iska, daga Indonesiya da Filifin da Kenya. Ya jawo mini kujera ya ce in zauna in yi shiru, kifi ba ya nuna halinsa ga mai gaggawa. Wannan kam ɗan masunta ba sai an faɗa masa ba.

Minti goman farko launi kawai nake gani. Daga nan sai tankin ya fara rabuwa a idona unguwa-unguwa. Kowane kifi yana da iyakar da ba a zana ba, yana zuwa wani dutse ya juyo kamar ya ci karo da katanga.

Wanda ya fara jan hankalina wani ɗan baƙin kifi ne da bai fi tsawon yatsa ba, Turawa suna ce wa danginsa damsal, taubashina kuma ya raɗa masa Manomi. Yana da wani dutse a kusurwar dama da gansakuka ta lulluɓe kamar gashin jariri, kuma nan ne gonarsa. Ba wasa ba, noma suke yi. A teku irin wannan kifin yana riƙe da fili kamar murabba'in mita guda, ya tsige gansakukar da ba ta narkewa a cikinsa da baki ya kai ta bayan iyaka ya tofar, ya bar mai laushi ta yaɗu, daidai yadda muke cire ciyawa a gonar gero. Yana korar kifin da ya ninka shi sau goma, har masu ninƙaya yake cizo. Da taubashina ya sa hannu zai goge gilashi, sai ga Manomi ya taho ya finciki gashin hannunsa. Ya ce kullum haka suke gaisawa.

Amma ba kowa yake kora ba, kuma nan ne na gyara zama. Wani jan kifi mai farauta ya wuce ta tsakiyar gonar, Manomi bai kula shi ba. Wasu ƙanana masu tsintar abinci a tsakiyar ruwa suka ratsa ta sama, ko kallo. Sai wani faffaɗan kifi mai kama da faifai, wanda ake kira tang, ya karkato bakinsa wajen dutsen, tun bai kai ba Manomi ya fito kamar kibiya. Tang mai kiwon gansakuka ne, abincinsu ɗaya. Na tuna buhu ukun shekaranjiya na yi murmushi, ban ce komai ba, don in na faɗa wa taubashina kafin magariba ta kai kunnen Kawu cewa na kwatanta shi da kifi.

Tang ɗin ma ba kanwar lasa ba ne. A gindin wutsiyarsa, dama da hagu, akwai wata ƙaya mai kaifin aska da take naɗe, sai faɗa ya tashi ya buɗe ta. A teku, wasu daga cikin danginsa sun samo wa masu gona dabara: ba sa zuwa ɗaiɗai, garke suke yi, ɗaruruwa, su sauka a kan gonar gaba ɗaya. Mai gona ya kori wannan, goma sun sa baki, kafin ya juyo an yi masa ƙarƙaf sun wuce gona ta gaba. Da na ba Kawu wannan labarin da dare, ya yi shiru, sannan ya ce ashe har a ƙarƙashin ruwa ba a rabu da wannan shari'ar ba.

Daga tsakiyar tankin akwai wurin da faɗa ba ya zuwa. Nan wani siririn kifi mai baƙin layi daga baki har wutsiya yake da shago, a gidan ana kiransa Wanzami. Manyan kifaye suna zuwa su tsaya cak, su buɗe baki da kumatu, shi kuma ya bi jikinsu yana tsince ƙwarin da ke shan jininsu da mataccen ɓawo, har cikin bakin wanda zai iya haɗiye shi a loma guda yake shiga ya fito lafiya. Duk wanda ya ga carki a bayan sa ya san irin wannan ciniki. Wata masaniya, Alexandra Grutter, ta bi su da ƙirga a tsibirin Lizard na Ostareliya, ta samu guda ɗaya yana duba kifi sama da 2,000 a yini, ya cinye ƙwari kusan 1,200. Sai dai kamar carkin, wanda in ya samu gyambo yake shan jini, Wanzami ma ya fi son yauƙin jikin kifi a kan ƙwarin. In ya ga dama sai ya ɗan gatsa, nan take ka ga wanda ake yi wa askin ya zabura. Na ga haka sau biyu da idona, a na biyun tang ya bi shi da gudu har bayan dutse.

Abin da ya fi burge ni a kansu binciken Redouan Bshary ne a Ras Muhammad, bakin Bahar Maliya ta ɓangaren Masar. Ya lura Wanzami yana bambanta ɗan unguwa da baƙo. Kifin da gidansa yake nan kusa, ba shi da wani shagon da zai je, sai a bar shi a layi. Wanda yake yawo mai nisa, wanda in an ɓata masa rai zai koma wani shagon, shi ake fara yi wa aiki. Kuma in akwai masu jira suna kallo, ha'incinsa yana raguwa. Taubashina ya ce wannan ba sai an je Masar ba, in je in tsaya wajen mai shayin Kawu in ga wa ake fara zuba wa, direban tirela ko ɗan dakon da ake bi bashi.

A ƙasa, cikin farin yashi, akwai rami. Wannan yashin ma abin kallo ne, don a wasu tsibiran murjani yawancinsa kashin kifi ne: kifin aku, mai haƙora haɗe kamar bakin tsuntsu, yana kankare dutse don cin gansakuka, ya niƙe, ya fitar da shi gari. A bakin ramin wani ɗan kifi mai manyan idanu, gobi, yana kwance yana gadi. Can sai ga jatan lande ya fito daga ciki yana turo yashi kamar katafila, dogon gashin bakinsa ɗaya a ɗore a kan wutsiyar kifin. Jatan landen ba ya gani sosai, amma ya iya gini. Kifin yana gani, bai iya haƙa ba. Da na matsa kusa inuwata ta faɗa musu, gobi ya kaɗa wutsiya, su biyun suka shige kamar walƙiya. Makaho da ɗan jagora, ɗaki ɗaya, kuma ba mai cin abincin wani.

Ranar ta zo daidai da kawo sabon kifi, wani tang mai ruwan ɗorawa. Na zaci za a kwance leda a juye shi ne kawai. Taubashina ya ce in an yi haka, kafin gobe tsohon tang ɗin ya yayyanka shi. Ya nannaɗe hannun riga ya shiga sauya wa duwatsu wuri, na dama ya koma hagu, na sama ya koma ƙasa, har kowa ya rasa gane gidansa. Ya kashe fitila. Ya manna ɗan madubi a jikin gilashi don tsohon ya samu abokin faɗa. Ya maƙala busasshen ganyen teku a wuri biyu masu nisa da juna, ba ɗaya ba. Sannan ya saki baƙon. Da kowa ya zama baƙo, in ji shi, ba mai cewa nan gidan ubana ne. Tsohon ya yi ta kai wa hotonsa sara a madubi, sabon kuma ya samu wani lungu ya lafe. Manomi ne kaɗai bai yarda ba, ya bi dutsensa har inda aka mayar da shi ya ci gaba da mulki.

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Ban taɓa ganin taubashina ya bar wasa ba sai a wannan lokaci. Ya tsaya yana kallon famfunan har inbata ta ɗauka, sannan ya fita da sauri ya ce a tayar da janareta saboda injin sanyi. A zafin Afrilu, in ruwan ya hau, murjani yana korar gansakukar da ke cikin jikinsa ya koma fari fat, daga nan yunwa ta kashe shi. Ƙarin maki ɗaya kacal a kan zafin da ya saba, in ya daɗe makonni, ya isa. Haka ta faru a 2016 a babban tsaunin murjani na Ostareliya, mai tsawon kilomita 2,300, inda ba janaretan da za a tayar.

Kafin mu tafi, da yake fitila a kashe take, na ga canjin aiki. Masu yawon rana suka shige ramuka, wasu jajayen kifaye masu idanu kamar na mujiya, waɗanda tun zuwanmu ban san suna ciki ba, suka fito. Rami ɗaya, mai kwana biyu, wani da rana wani da dare. A ɗakin da aka sauke ni ma haka ake yi: masu gadi suna dawowa da safe su kwanta a tabarmar da 'yan dako suka tashi a kai, ko sanyi ba ta yi.

Na dawo kasuwa da ƙa'idata a aljihu, ina jin na gano wani abu: ana faɗa ne da wanda kuke ci a akushi ɗaya, mai wata sana'a kuwa ko a kan cinyarka ya zauna. Kwana biyu ina taƙama da ita, sai na lura da wani saurayi da yake kasa albasa kashi-kashi a kan buhu, a gaban wurin Kawu, taku ɗaya daga ƙafarsa. Albasa dai, irin ta Kawu. Kuma ba ɗansa ba ne, ba yaronsa ba ne, daga Gwaranyo ya zo.

Nan na tuna wani aiki da na taɓa karantawa na manta, wanda Ross Robertson da Nicholas Polunin suka fitar a 1981 daga tsibirin Aldabra na ƙasar Seshel. Sun samu ƙaramin damsal yana zaune a cikin gonar manyan tang iri biyu, yana cin gansakukar da suke ci, kuma an bar shi. Ƙarami ne, cinsa kaɗan ne, yana da ramukan da babba ba zai iya binsa ciki ba, kuma in ɓarayin gona sun zo da shi ake korarsu.

Daren da zan tafi, muna zaune a kan buhuna bayan isha'i, na kasa haƙuri.

“Kawu, wancan dillalin buhu uku ya ajiye ka tayar da kasuwa. Wannan yaron kuma kullum a gabanka yake sayar da albasa.”

Kawu ya juya tasbaha. Ya ce dillalin da buhu yake sayarwa, masu sayen buhu kuwa nasa ne. Yaron nan na mai cefanen miya ne, wadda ko ta zo wurinsa ba zai kwance mata buhu ba. Kuma a nan yake kwana.

“Tun da ya zo, ko albasa ɗaya ba a ɗauka mini da dare ba. In na kore shi ma, gobe zan same shi a bayan wancan teburin, ina zan bi shi?”

Taubashina, da yake kwance a kan tabarma kamar mai barci, ya ɗago kai.

“Baba, ka san Ticha ya ce akwai wani ɗan baƙin kifi a Lekki mai irin halinka sak?”

Ban taɓa faɗa masa ba, wallahi. Kawu ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaya ko kifin yana da girma. Na ce bai fi yatsa ba. Ya ce to ba shi ba ne. Da asuba ya sa aka ɗora mini jakata a tirelar da za ta koma arewa da lemo, ya ce wa direba ya sauke ni a Yawuri, kada ya bar ni in tsaya kallon ruwa a Jabba.